Lambobin da Na Yanke

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗinka littattafai a maɗaba'a. Ban taɓa karanta ko ɗaya ba, kuma ban taɓa ɓata ko ɗaya ba. A tambayi duk wanda ya san ni. Inji ya cinye mini yatsu biyu, na naɗe hannun da tsumma na ƙarasa aikin ranar. Da gobara ta tashi a wurin, ni ne na ƙarshen fitowa, rungume da gwangwanin alluraina. Waɗanda muka fara aiki tare duk na raka su makabarta, har da masu takardun shaida. Ban zauna a aji ba ko na yini guda. Lamba kawai na sani, ita kuwa ta ishi maɗinki: bakwai tana bin shida, shi ke nan.

Autata ta rasu bara. Ban yi kuka ba, kuma wannan karon ba jarumta ba ce, abin ne bai zo ba. Na ci abinci ranar, na ci washegari. Mijinta direban babbar mota ne, sati biyu a hanya, kwana biyu a gida. Sai ya kawo mini 'yarsu mai shekara tara da jakar kayanta.

Da, yarinyar nan ba ta barin bakina ya huta. Ta ce mini tsoho mai yatsu takwas, in ce mata amaryar da ba ta iya dafa ruwa ba. Yanzu magana biyu ta rage mata, to da a'a. Tana dawowa makaranta sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon bango.

Wata rana malamarsu ta zo har gida.

"Baba, wata uku ke nan ba ta buɗe littafi ba. Ta iya, ba rashin iyawa ba ne. Da mahaifiyarta suke karatu kullum da yamma. In zangon nan ya ƙare a haka, za ta maimaita aji."

Ubanta kuwa ya riga ya faɗa mini, in ta kasa, wurin yayarsa zai kai ta, tafiyar kwana biyu daga nan. Ita kaɗai ta rage mini daga ɗakin 'yata.

Na ce, "Malama, littattafan da kika yi karatu da su, hannun nan ne ya ɗinka su."

"Na sani, Baba. Za ka iya karanta mata?"

"Wannan ba ɓangarena ba ne."

Na gwada abin da na iya. Na fito da littattafai masu kyan bango na jera kusa da shimfiɗarta. Ta ɗauki mafi kauri ta tokare taga da shi.

A ƙasan jakarta na tarar da wani littafi cikin leda. Bangon ya tafi, zaren ya ruɓe, kowace takarda ta rabu da 'yar'uwarta, gefunan duk sun zaizaye da maiƙon hannu. Na gane shi. Na uwarta ne tun tana ƙarama. Na ce to, ga aikina ya zo.

Dokar aikin ɗaya ce, kuma na koya wa mutum ya fi talatin: a ɗinka tukuna, sannan a datse gefe. Safiyar nan ban san ina kaina ya tafi ba. Babu tunanin da nake yi, ko na 'yata. Na daidaita takardun, na danne su da katako, na sa wuƙa a gefen ƙasa. Yanka ɗaya, tsaf, irin nawa. Da na ɗaga, takardun suka sulɓe ta gurbin yatsun nan biyu suka watse a ƙasa. Na sunkuya in tattara su da lamba. Babu lamba. Duk na yanke su, suna cikin kwandon shara, siri-siri kamar ciyawa.

Na zauna a kan benci har rana ta juya. Ban tashi ba, ban kira kowa ba. Shekara arba'in da ɗaya, ba zan kwashi takardu in kai wa malama ba.

A haka jikata ta same ni. Ta tsaya da jakar makaranta a baya, ta dubi ƙasa.

"Littafin Mama ne."

"Gyara shi nake yi."

"Ka ɓata shi."

"Ni? Tun ba a haifi ubanki ba nake wannan aiki. Na san mazaunin kowace takarda." Na ɗauki biyu na haɗa. "Kin gani."

Ta leƙo. Ta daɗe tana kallo.

"Ba haka ba ne, tsoho. A nan kwalekwalen ya riga ya nutse. A nan kuma ba a gama sassaƙa shi ba."

"To ke da kika sani, ina ta gaba?"

Ta ajiye jaka ta durƙusa. Sai ta karanta layin ƙarshe na takarda, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda ta ɗora daga nan. Da farko leɓenta kawai ke motsi. Na ce ni ba na ɗinka abin da ban ji ba, ta ɗaga murya. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Yamma huɗu muka yi. Tana karantawa, tana miƙo mini, ina kifewa a kan 'yar'uwarta. A kwanakin nan ne na fara jin abin da ke cikin littafi. Labarin wani mutum ne da kwalekwalensa. Ban ji wani abu ya motsa mini ba, amma na so in san ko ya haye.

A yamma ta huɗu ta tsaya a kan wata takarda. Can ƙasa akwai rubutun fensir, wuƙata ta raba shi biyu, kawunan baƙaƙen kawai suka rage.

"Hannun Mama ne."

Na jawo kwandon na zazzage a tabarma. Maɗinkin kirki ba ya zubar da yankakku sai ya gama aiki. Ta bi su ɗaya-ɗaya, ni ina riƙe mata waɗanda ta duba. Can ta samo. Na shafa gam a takarda mai laushi na haɗa su ta baya, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Ta karanta: "Yau ta karanta wannan shafin ita kaɗai, ta hana ni taimaka mata."

Ta sa yatsa a wurin. Mai sayar da ruwa ya wuce a waje yana buga garwarsa. Sannan ta kife takardar a kan sauran, ta ɗauki ta gaba.

Na ɗinka shi da zare mai kakin zuma, na yi masa bango baƙi. Ita ta sa lambobin da biro. Da ubanta ya dawo daga hanya, ya tsaya a tsakar gida da takalmansa a hannu, yana jin ta ta taga. Ya kwana biyu ya tafi, bai ambaci yayarsa ba. Jakar kayanta tana nan ƙarƙashin gado.

Littafin ya ragu da faɗin yatsa ɗaya a ƙasa, amma duk takardunsa suna mazauninsu. Shi ya sa har gobe nake cewa ban taɓa ɓata littafi ba. Ita ke rubuta mini wannan, kuma ga ta nan ta ɗago kai tana kallona. Rubuta yadda na faɗa, amarya.