Gurbin Yatsa a Ƙafar Uwani

Hamna ta danna babban yatsanta a kan ƙafar 'yarta, ta ɗaga. Gurbin bai cike ba. Ya tsaya nan, ɗan rami a kan fata mai sheƙi, kamar an danna kwantan tuwo. Uwani ba ta yi kuka ba, ba ta ko janye ƙafar ba. Ta dai bi uwarta da idanun da suka shige cikin kumburarren kunci. Gashinta da yake baƙi wuluk a da, yanzu ya koma jaja-jaja, yana biyo hannu in an shafa.

"Kin gama awon, Malama?"

Dada Aisatu ce, uwar mijinta, zaune a inuwar mangwaro tana tace jiƙon saiwoyi a cikin kwalba. Maƙwabta mata biyu na gefenta suna taya ta ɓarar gyaɗa. Tun ranar da aka gane Hamna na da ciki aka ce nononta ya ɓaci, aka cire Uwani daga mama, aka kawo ta nan unguwar Sintali yaye. Sunan Dada yarinyar ta ci, shi ya sa ake ce mata Uwani, kuma duk unguwa an san tsohuwar ba ta haɗa takwararta da kowa.

"Shawara ce," in ji Dada. "Dubi gashin, dubi tafin hannun. Na hana ta maiƙo, na hana gyaɗa da nono da nama har sai ciwon ya fita. Koko zalla, sai wannan jiƙon."

"Dada, mai shawara idonsa ɗorawa yake yi. Nata fari ne fat. Wannan yunwa ce."

Hannayen masu ɓarar gyaɗa suka tsaya. A tsakar gidan kaji na ta kiwo, ga ƙwaryar kindirmo da 'yan uwa suka aiko daga ruga an rufe da faifai, ga buhunan masara jingine a rumfa. Gidan da baƙo bai taɓa fita ba tare da ya wanke hannu ba.

"Yunwa," Dada ta maimaita a hankali. "A gidana."

"Ba cikar ciki nake nufi ba, Dada. Jiki yana bukatar..."

"Kofi bayan kofi nake ba ta da hannuna. In ta ƙi in yi mata ɗura. Uban nata da kike taƙama da shi, wa ya raine shi? Littafi?" Ta juya ga matan. "Ku ji mini yarinya. 'Yar fari ce fa, amma ga ta tana juya ta a gabana, tana kiran sunanta gatsal. Semteende dai ba a koyar da ita a kwaleji, kunya a gida ake shan ta."

Hamna ta miƙe tsaye ba ta sunkuyar da kai ba. Haka take tun tana ƙarama, shi ya kai ta kwalejin horon malamai lokacin da sa'o'inta ke goyo. Ta juya ta fice ta zaure.

* * *

"Abinci mai gina jiki!" ta faɗa washegari a gaban allo.

"Nama! Kifi! Ƙwai! Wake! Madara!" 'yan aji suka amsa da ƙarfi, suna buga benci.

Ita ta zana kifin da alli mai launi, ita ta zana ƙwan. Ta tsaya tana kallonsu har yaran suka fara 'yan dariya, sannan ta goge allon.

Lokacin hutun tara Malama Abigail, abokiyar aikinta, ta same ta a bayan aji. Ta saurari komai tana girgiza kai.

"Maman Uwani, wannan ciwo na san shi. Yaron yayata ya yi a ƙauye, cikin shi kamar tulu. Ki soya waken suya da gyaɗa, ki haɗa da dawa, ki niƙa. Zan kawo miki gari gobe, ina da shi."

"Garin ba shi ne wuya ba, Abigail. Bakin da zan zuba shi ne ba ya hannuna."

"To ki ɗauko pikin naki mana! Ba ke kin haifa ba?"

Hamna ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ita ta haifa, amma tun ranar suna ake nuna mata cewa haihuwa kawai ta yi.

Da la'asar mijinta Yuguda ya dawo daga sakatariya, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan hayarsu na unguwar Barade. Akawu ne, ya yi makaranta kamar ita, kuma kullum da safe sai mai shayi ya soya masa ƙwai. Ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Uwani, yarinyar nan za ta mutu."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ka je ka danna ƙafarta ka gani. Ka ɗauko ta mu kai ta asibiti."

Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. "Na je. Na tarar da Dada tana kuka, Hamna. Kin ce tana kashe jikarta da yunwa, a gaban mutane. Har masallaci maganar ta kai."

"To ƙarya na yi?"

"Ban ce ba. Amma in na ɗauko ta yanzu, na tabbatar wa duniya uwata ta kasa riƙon yaye. Ki bari jiƙon nan ya ƙare. In ba sauƙi, ni da kaina zan lallaɓa ta."

"Kwalba nawa ce jiƙon?"

 Ya tashi ya ɗauki buta.

* * *

Abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, shi ta yi ranar Juma'a. Ta durƙusa a gaban Dada da cikinta da ya fara nauyi, ta kafa ido a ƙasa, ta ce ƙuruciya ce, a yafe mata.  Dada ta ce ya wuce, har ta sa aka zubo mata fura da nono.

Daga ranar Hamna ta zama ɓarauniya a gidan surukarta. In ta taso makaranta sai ta biyo da dafaffen ƙwai a ƙulle a bakin zane. Ta jira Dada ta shiga salla, ta ja Uwani bayan rumfa, ta murmushe gwaiduwar a tafin hannu tana tura mata kaɗan-kaɗan. Ƙwai ko ga lafiyayyen yaro haramun ne a gidan, wai yana koya sata. Ta kan tuna da haka tana leƙen ƙofar ɗaki, dariya mai ɗaci ta taso mata.

Ran farko Uwani ta kawar da kai. Rana ta biyu ta haɗiye loma ɗaya. Da aka kwana biyu har ta kama yatsan uwarta ta lasa, Hamna ta koma gida tana jin kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Sai zumuɗi ya ɗebe ta. Ta dafa ƙwai biyu, ta dama kunun garin Abigail mai kauri ta zuba a kwalba, ta ba yarinyar duka a zama ɗaya, tana sauri kafin a sallame.

Cikin da ya daɗe bai ga komai ba sai koko bai iya ɗauka ba. Uwani ta yi amai a kan zanen kakarta, ga gwaiduwa nan ɓaro-ɓaro. Kafin magariba gudawa ta biyo baya.

Dada ba ta ɗaga murya ba. Ta duba zanen, ta duba Hamna.

"Da kika durƙusa mini, ashe da ƙwai a zanenki. Ga shi kin tayar mata da ciwon da na kusa kwantarwa. In kin sake taka gidan nan kafin ta warke, ban yafe ba."

A hanyar gida Hamna ta ji abin da ya fi faɗan zafi: shakka. Littafin kwaleji ya faɗi abin da za a ci, bai faɗi yadda ake ba wanda ya kai nan ba. Ko ita ce ta ƙarasa 'yarta?

* * *

Ta jure mako guda tana aika Yuguda, yana dawowa da "da sauƙi" ba ya haɗa ido da ita. Ranar da ya dawo bai ce komai ba, ta yafa mayafi ta fita.

Ba ta yi sallama ba. Ta tarar da Dada ta rungume Uwani a cinya tana mata tofi, tsohuwar ta rame, idanunta sun yi ja don rashin barci. Fatar cinyoyin yarinyar ta fara salewa kamar wadda ta ƙone. Ga ɗan kofinta na roba shuɗi a gefe, koko ya sandare a ciki.

Hamna ta sunkuya ta ɗauke ta. Ta yi zaton za a yi kokawa, amma hannayen Dada suka saki.

"Za su ɗura mata madara," tsohuwar ta ce. "Don Allah kar ki bari. Maiƙo ne. Na binne biyu da wannan ciwon, na san shi."

Hamna ta goya 'yarta, ta ɗaure zanen a saman cikinta, ta fita ta tare ɗan acaɓa.

A asibiti wata nas ta buɗe zanen, ta ja tsaki.

"Wacece uwar yarinyar nan?"

"Ni ce."

"Me kike ba ta?"

Nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa.

"Kin yi makaranta kuwa?"

"Malama ce ni."

"Malama! Kina koya wa 'ya'yan wasu, taki tana ruɓewa a gida. Sai yanzu kika ga hanyar asibiti?"

Ta tsaya ƙyam ta shanye. Ba ta ambaci Dada ba, ba ta ambaci Yuguda ba. Aka zura wa Uwani siririyar roba ta hanci, ana tura madara tsararo, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ya kamata a ce ita ma ta yi a bayan rumfa. Ta zauna a bakin gadon tana riƙe da ƙafar mai sanyi, tana kiran sunan da aka ce bai kamata ta kira ba, a fili, ba ta damu da wanda zai ji ba.

Washegari ana kiran sallar azahar nas ɗin ta zo ta zare robar. Wannan karon ba ta yi tsaki ba.

* * *

A gidan Dada aka yi zaman makoki. Ranar sadakar uku tun da hantsi aka jiƙa wake aka kai niƙa. Aka kama kajin tsakar gida aka yanka, aka dama gumba da nonon da ya zo daga ruga, ƙwarya-ƙwarya. Ƙamshin man gyaɗa ya cika Sintali. Yaran unguwa suka yi layi a zaure, kowa na fita da ƙosai a hannu biyu, maiƙo na bin gwiwar hannunsu.

Hamna na zaune a kusurwar rumfa, Abigail na gefenta ta riƙe mata hannu. Ba ta yi kuka ba. Matan suka yaba, suka ce ashe dai tana da kunya, uwar 'yar fari ba ta kuka a gaban surukai.

"Shawara ba ta son maiƙo," wata ta ce ƙasa-ƙasa. "An ce madara suka yi ta ɗura mata."

"Kwana ne ya ƙare," wata ta amsa. "Amma da an bar wa tsohuwa abinta..."

Abigail ta yunƙura za ta yi magana, Hamna ta matse mata hannu. Yuguda ya leƙo daga zaure, ya ga matarsa, ya koma.

Can Dada ta taso da ƙyar, ta zo ta zauna kusa da ita. Ta tura mata kwanon ƙosai da cinyar kaza a sama. Fuskarta ta faɗa, ba sauran faɗa a cikinta.

"Ci, 'yata. Ba ke kaɗai ba ce yanzu." Ta share ido da bakin mayafi. "Na yafe miki, wallahi na yafe. Allah ya sauke ki lafiya. In wannan ya isa yaye ki kawo mini shi, ko ɗakin nan ya daina yi mini faɗi."

"Allah sarki, Dada," matan suka ce.

 Abin da ke cikin Hamna ya motsa, ta ɗora hannu a kansa, ta bar shi a nan. Da ɗaya hannun ta ɗauki ƙosai ta kai baki, tana taunawa ba ta jin ɗanɗano, tana haɗiyewa da ƙarfin hali.

A bakin murhu mai suya ta nemi abin ɗiban mai ta rasa. Ta waiga, ta ga ɗan kofin roba shuɗi a kife a kan turmi. Ta ɗauka, ta ɗauraye busasshen kokon da ke gindinsa, ta cika shi da man gyaɗa har yana zuba, ta juye a kasko.