Sai Jirgin Ya Wuce

Tun kafin a buɗe ƙofar filin jirgin sama na Wendle Green suke cikin layi, don kawai Mista Hollis ya samu wurinsa na kullum a bakin igiyar da ke tare 'yan kallo, can ƙarshen fili inda lasifika ba ta damun mutane sosai. Yanzu ga su sun baje kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da kujerun ninkewa, da fulas biyu na shayi, da burodi da cuku a leda, da wata lema da iska ta riga ta karya wa haƙarƙari. Tamsin, 'yarsa tilo, ta harɗe hannu tana kallon maƙogwaron dattawa. Tun tana ƙarama abin da ta fi sani ke nan a bikin tsofaffin jiragen yaƙi: dubban mutane sun ɗaga haɓa sama, baki buɗe, shayi yana hucewa a hannunsu. Mamarta ta daɗe da yin murabus daga zuwa, ta ce wuyanta ya yi wa aure hidimar da zai iya.

Ita ma Tamsin ba jirgi ne ya kawo ta ba. Rory ne, saurayinta, mai gyaran kayan kiɗan nan fiyano, wanda ke zaune gefenta cikin shuɗiyar rigar ruwa. A aljihun hagu na rigar nan akwai ɗan akwatin zobe. Ta taɓa shi tun farkon bazara, ranar da take laluben makullin mota. Daga nan sun je bakin teku da faɗuwar rana, sun ci abinci a gaban kyandir, sun yi rawa a bikin ƙanwarsa, zoben bai ga hasken duniya ba. Sai ga wani asibitin dabbobi can birnin Aberdeen mai nisa ya ba ta aiki, suna jiran amsa ranar Litinin. Da ta gaya masa, cewa ya yi, "Duk abin da kika ga ya fi miki, Tam." Ta kwana tana kuka a kan wannan maganar. Da safe ta yi wa kanta alkawari: in aka tashi daga bikin nan zoben yana aljihu, Litinin za ta ce musu tana zuwa.

Babanta bai san ana yi ba, ko haka ta zata. Ya toshe kunnuwansa da abin saurare, ya rataya rakoda a ƙirji, yana riƙe da doguwar sanda mai makirfo a baki, an lulluɓe shi da wani gashi kamar mushen zomo saboda iska. Shi ba hoto yake ɗauka ba, ƙara yake ɗauka. Mahaifinsa makaniken jirgin Spitfire ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, shi kuma shekara da shekaru yana farautar kukan injin Spitfire ɗin filin nan, tsaf, babu wata ƙara a ciki. Bai taɓa dacewa ba. Wata shekara jariri, wata shekara motar mai askirim, wata shekara kare. Tamsin tana shekara tara ta yi atishawa a daidai lokacin, har yau ana tayar da zancen duk Kirsimeti. Bana kuwa an sayar da jirgin ga wani attajiri a hayin teku, tashin yau shi ne na ƙarshe a nan.

Dokar bakin igiya ɗaya ce, kowa ya san ta. In tsohon inji yana sama, ba a magana. Mista Hollis kuma ba ya faɗa da baki, yatsa kawai yake ɗagawa.

Wajen hantsi, ana jiran jirgin farko, Rory ya matso da kujerarsa. Kunnuwansa sun yi ja. Ya zura hannu a aljihun hagu.

"Tam," ya ce ƙasa-ƙasa, "akwai maganar da na daɗe ina..."

Yatsa ya tashi.

Wani jirgin Hurricane ya ɓullo daga bayan itatuwa, ya ratsa gabansu ƙasa-ƙasa, ciyawa tana kwanciya a bayansa. Ƙararsa ta shiga ƙirjin kowa ta fita. Tamsin ta ƙura wa hannun Rory ido, tana jira. Da jirgin ya yi nisa sai hannun ya fito daga aljihu, babu komai a cikinsa.

"Mista Hollis," Rory ya ce, "ai wannan ba ƙara ba ce, kiɗa ne. Amo biyu na ji, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya."

Tsohon ya zare abin kunnensa a hankali. Ya dubi Rory irin kallon da Tamsin ba ta taɓa samu daga gare shi ba.

"Ka ji na ƙasan?"

"Na ji shi sarai."

"Desmond," ya kira abokinsa da ke tsaye kan tsani da kyamara mai dogon baki, "yaron nan yana da kunne."

"To ka gode wa Allah, Clive. 'Yarka hanci gare ta."

Tamsin ta ji kamar ta kifar da tsanin. Abin da ya fara sa ta son Rory, ranar da suka haɗu jirgi ya wuce ta kansu bai ko ɗaga kai ba. A ransa, jirgi mota ce mai fiffike. Ta yi murna ta samu namiji mai kallon ƙasa, mai kallon fuskarta. Yanzu ga shi da hannunta ta kawo shi inda ake ɗaukar cutar.

"Rory, ka ce akwai magana."

"Eh, wato..."

"Zo nan, samari," babanta ya katse shi, ya miƙa masa sandar makirfo. "Kafaɗata ta fara ciwo. Riƙe da hannu biyu. Biyu na ce. Kada ka saki ko da ƙudan zuma ya shiga rigarka."

Sandar da ba a taɓa bari ta taɓa ba tun ranar atishawa. Rory ya karɓe ta kamar an miƙa masa jariri ranar suna.

Haka yinin ya tafi. Jirage masu fiffike hawa biyu suka yi ta jujjuyawa kamar ba su da wurin zuwa. Wasu rawaye suka wuce a jere. Duk sanda Tamsin ta buɗe baki, yatsa. Ta ce Rory ya raka ta sayen soyayyen dankali, babanta ya ce wa zai riƙe sanda. Ta tafi ita kaɗai, ta sha layi, ta dawo ta tarar an ɗora wa Rory wata tsohuwar hula mai hoton farfela, yana koyon bambancin inji da inji.

Da azahar ruwa ya sauko sosai, aka dakatar da tashi. Ta ce yauwa. Ta ja Rory ƙarƙashin karyayyar lemar, kafaɗa da kafaɗa, ruwa yana ɗiga a gashinta, irin yadda ta sha karantawa ana yi. Ya dube ta, ta dube shi. Sai ga kan Desmond ya kutso tsakaninsu.

"Ku ɗan matsa, 'ya'yana. Na ba ku labarin aikin da aka yi mini a gwiwa?"

Ya ba su, tun daga ranar da ya fara jin ciwon. Ya nannaɗe wando ya nuna musu ɗinkin. Babanta kuma ya ce sandar ba ta son ƙasa mai laima, don haka Rory ya ci gaba da rungumarta.

"Baba, mutum ne fa, ba maratayi ba."

"Ya yi ƙorafi? Samari, ka gaji?"

"Ko kaɗan, Mista Hollis."

"Kin ji."

Sai da yamma gari ya washe. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, filin ya ɗauki wani haske kamar an wanke shi. Mai sanarwa ya ce Spitfire ce ta rage, ya ce ba zai ƙara cewa komai ba, zai bar ta ta yi ban kwana da bakinta. Lasifika ta mutu. Iyaye suka toshe bakin yara da alewa. Wata mata ta ɗauki karenta ta tura cikin riga.

Can nesa farfela ta yi tari, ta tofar da hayaƙi, ta kama. Jirgin ya taho a guje kan ciyawa, ya ɗaga wutsiya, ya rabu da ƙasa a hankali kamar yana jin nauyin barinta. Da ya karkata, rana ta bugi cikin fikafikansa, ƙarar nan ta zubo musu, mai kauri, mai taushi, da wani siririn fito a ƙarshenta. Tamsin ta ji tsigar jikinta ta tashi, abin ya ƙara ba ta haushi. Ta tuna kakanta da hannuwansa masu tabon mai, da samarin da suka hau irin wannan ba su kai shekarunta ba. Idonta ya cika. Ta juya don ta ga ko Rory yana kallonta.

Sama yake kallo. Hawaye na bin kumatunsa, leɓensa a buɗe, fuskarsa ta narke gaba ɗaya. Wannan fuskar take jira tun farkon bazara, a bakin teku, a gaban kyandir. Ga ta ta fito, amma domin ƙarfe.

Bayan wannan jirgin babu wani. Mutane za su naɗe kujeru, a shiga mota, sai Litinin.

Ta miƙe. Ta zagaya ta tsaya a gabansa, bakinta dab da mushen zomon nan, jirgin kuma yana shawo kwana zai ratso gabansu.

"Rory Penhale, za ka aure ni, ko in tafi Aberdeen?"

Mista Hollis ya yi tsalle kamar an soka masa allura a kunne. Daga hagu da dama aka yi ta "shhh". Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, don girman Allah." Yatsan babanta ya tashi, bai san wa zai nuna ba.

Rory ya dube ta, ya dubi sandar, ya dubi tsohon.

"Tam, hannuna..."

"Ba hannunka na tambaya ba."

"Ka amsa mata, samari," babanta ya ce ta cikin haƙora. "Maza. Zai sake zagayowa."

"Eh," Rory ya ce da raɗa. "Eh mana. Yana aljihun hagu. Ɗauko da kanki."

"Na san inda yake."

Ta zura hannu. Ta fara ciro dafaffen ƙwai, ta jefar, sannan akwatin. Da kanta ta buɗe, da kanta ta zura zoben, ango kuma yana tsaye ƙiƙam riƙe da sanda kamar mai kamun kifi. Zoben ya yi mata daidai. Ta so ta yi kuka, ta so ta mare shi, ta rasa wanda za ta fara.

Jirgin ya juyo don wucewar ƙarshe, ƙasa-ƙasa, yana kaɗa fikafikai. Babanta ya runtse ido, ya danne abin kunnensa da hannu biyu. Da an yi shiru da ya samu. Amma Desmond, da ya ga komai daga kan tsani, ya buɗe murya ya sanar wa jama'a cewa 'yar Clive ta yi miji. Bakin igiya ya ɓarke da tafi. Karen nan ya fito da kai daga riga ya sa baki. Spitfire ta wuce cikin hayaniyar, ta hau sama, ta ƙanƙance har ta ɓace.

A wurin ajiye motoci layi ya tsaya cak, kamar kowace shekara. Babanta yana gaba riƙe da sitiyari, su biyu suna baya.

"Saura kaɗan fa jirgin ya sauka," tsohon ya ce. "Kaɗan. Da kin yi haƙuri, na riga na shirya komai."

"Ka shirya me?"

"To me kike tsammani ya sa na ba shi sanda? Kafaɗata lafiyarta ƙalau. Tun da safe na ji shi yana inda-inda a cikin kunnena, makirfon nan ko numfashin sauro yana kamawa. Na ce in yaron nan ya durƙusa a bakin igiya, jama'a za su yi ta zuwa taya murna har dare, ba mai sake yin shiru. Sai na sama wa hannuwansa aiki."

Tamsin ta harari ƙeyarsa.

"Baba, saura ƙiris in koma Aberdeen saboda sandarka."

"Saboda sandata? Tun bazara zoben yake aljihunsa, ji nake yana ƙwanƙwasa makulli duk sanda ya zo gida. Wannan ma ni ne?"

Rory ya nutse cikin kujera. "Ina jiran lokacin da ya dace ne."

"Kai dai yi shiru," suka ce tare.

Ta kira mamarta a waya ta gaya mata. Mamar ta yi kuka kaɗan, sannan ta tambaya a cikin fili aka yi ko a wurin motoci. "Ni a layin fita babanki ya tambaye ni," ta ce, "shi ma sai da ya gama sauraron kaset ɗinsa. Kin fi ni sa'a."

Motar gaba ta matsa taku ɗaya ta sake tsayawa. Mista Hollis ya jona rakodar da rediyon mota, ya ce bari dai ya ji iya ɓarnar. Kukan injin ya cika motar, tsaf, kamar yadda ya yi ta nema duk rayuwarsa, yana tasowa, yana ƙara kauri. Tamsin ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri.

Yatsa ya tashi.

Muryarta ta faso daga lasifika, ta danne Spitfire gaba ɗaya. Tsohon ya saurara har zuwa "eh mana", ya mayar baya, ya sake saurara. Ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, yana kallon titi.

"Kin matso kusa da makirfon da yawa," ya ce.