Ragowar Koren Yadi

Gwaggo tela ce, shekararta talatin a kan keke, kuma ba abin da ta tsana kamar ta ga an zubar da ƙyalle. Wannan halin ne ya ja mata.

Ɗan wanta, wanda tun yana makaranta ake kiransa Darakta, ya ajiye aikin ofis don ya shirya fim na wani jirgi mai kai mutane wata duniya. Shekara uku yana fama. Jirgin kuwa, Allah na tuba, garejin maƙwabci ne da aka jera wa matattun rediyo da kujerun mota. Ya kawo mata bandir na koren yadi ta ɗinka labule, ya ce a bayan 'yan wasa za a rataya shi, daga baya kwamfuta ta goge shi ta zuba taurari a wurin.

Yadi huɗu ya rage. Gwaggo ta dube shi ta ga asara ce, sai ta ɗinka wa kyaftin ɗin jirgin riga da wando, har da aljihu biyu da maɓallan azurfa. Darakta ya gani ya yi ta murna, don shi ma a zatonsa kwamfuta ta san bambancin labule da riga. Wata biyu ana ɗauka da kayan nan.

Sai da aikin ya je hannun mai tace hoto asiri ya tonu. Kwamfuta ta goge labule, ta haɗa da kyaftin. Kansa kawai ya rage, da tafukan hannu, da maɓallai shida suna yawo cikin taurari. Mai tacewa ya yi mako uku yana ƙoƙari, ya ce ya gaza. Sake ɗauka kuma ba hali, don tsohon malamin kimiyyar da ya fito a kyaftin ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki.

Haka aka haska fim ɗin wata Asabar da yamma, a ɗakin taro na haya. Gwaggo ta zauna a can baya. Da aka zo inda kyaftin yake ban kwana da 'yarsa, wurin da Darakta ya rubuta yana hawaye, sai ɗaki ya ɗauki dariya, wani har da buga kujera. Wayoyi suka tashi sama. Kafin mako ya zagayo, guntun bidiyon ya shiga hannun kowa, amma ba wanda ya nemi ganin sauran.

Bayan wata guda Darakta ya shigo shagonta da wando a leda.

"Gwaggo, ki rage min ƙugu. Ran Litinin zan fara aiki a wani sito."

"Kyamarar fa?"

"Na sayar."

Ta ajiye almakashi. "Ɗana, ni na cuce ka. Ka faɗa min magana ko na ji sanyi."

"Ba ke ba ce, Gwaggo," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ashe dama ban iya ba."

Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta zagaya ƙugunsa da tef, ta ga ya ragu da inci huɗu. Ta sake gwadawa ko ta yi kuskure, sannan ta ɗauki alli ta sa alama.