Zoben Guduma

Duk wanda ya bi ta bayan siton Baba sai ya toshe hanci. A can ake zubar da ƙwan da ya fashe bai samu mai saye ba, ya ruɓe a cikin kwata, ƙudaje su rufe shi baƙi ƙirin. Shekara ashirin Baba yana saro ƙwai daga gona yana sayar wa masu shaguna, shekara ashirin kuma kwatar nan tana cin rabonta. Babu wanda abin ya dama sai ni, da na gama karatun sarrafa abinci na dawo ina taya shi aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a gida Inna ko ruwan wankin shinkafa ba ta yarda a watsar, shukokinta take ba wa. Amma mijinta yana zubar da abincin unguwa guda kowane mako, ya dawo ya wanke hannu ya ci abinci hankali kwance.

Ƙa'idar siton ita ce, duk ƙwan da ya tsage wajen sauke kaya na 'yan dako ne. Su huɗu ne, babbansu wani ƙato da ake kira Guduma. Sukan sayar da abin da ya samu kafin rana ta yi zafi, sauran kuma sai kwata.

"Baba, kiret goma sha ɗaya suka fashe yau," na ce masa wata Alhamis. "Kaza nawa ce ta sha wannan wahalar?"

"Auta, ƙwai ne fa, ba dutse ba. Haka na tarar ana yi."

Babu maganar da na tsana kamar wannan. Da ita ake rufe bakin duk wanda ya ga ɓarna ya yi magana.

A ranar Mai Gona ta zo da kanta. Mace ce mai ƙarancin magana, ita ke da kajin, ita kuma ke cike gurbin abin da ya fashe, tunda kullum ana ɗora laifin a kan motarta. Ta tsaya ta dubi kwatar, ta dubi Baba.

"Na sake direba har sau biyu. Na sake kiret. In motar Litinin ta yi irin wannan fasun, ƙwaina ya daina zuwa nan."

Ba mu da wata gonar sai tata. In ta janye, siton ya mutu.

Washegari na tsuguna gaban tulin fasassun ina ɗauka ɗaya-ɗaya. Ƙwan da hanya ta fasa na san shi: yana tsagewa dogo, ko ya murƙushe a kiret ɗin ƙasa. Waɗannan kuwa daga kiret ɗin sama suke, kowanne da ɗan rami a ka, zagaye, girman ƙwayar wake. Duka iri ɗaya, sai ka ce inji ne ya buga. Da motar Asabar ta zo ban kalli ƙwan ba, hannuwa na kalla. Guduma yana da zoben ƙarfe mai kai a yatsansa na tsakiya, ya juya kan zuwa cikin tafin hannu. In ya ɗauko kiret biyar sai ya ɗora hannun a sama kamar yana tallafewa, ya riƙa ɗan bubbugawa yana waƙa. Kowane bugu ƙwai ɗaya.

Na gaya wa Baba. Ya shafa gemu.

"Bari, zan ja shi gefe in yi masa magana. Shekara goma sha biyu yana wurina, Auta. Ba a kunyata babba a gaban mutane."

Bai ja shi ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce.

Ranar Litinin da safe na iso da bokiti uku masu murfi. Na riga na shirya da gidan burodin da ke bakin titi za su riƙa karɓar tsagaggen ƙwai nan take, ɓawon kuma a daka a mayar wa kaji. Motar ta riga ni, an buɗe bayanta, kiret ɗari uku jere har rufi.

"Jama'a, 'yar boko ta zo da bokitai," in ji Guduma. "Yau wanki za a yi mana. Wa ke da rigar datti?"

Suka kwashe da dariya.

"Daga yau babu ƙwan da zai shiga kwata," na ce. "Wanda ya tsage, bokiti, sai gidan burodi. Ku kuma Baba zai ƙara muku lada a kan duk kiret ɗin da ya sauka lafiya."

Dariyar ta tsaya. Baba ya ɗago kai daga kujerarsa, don ban gaya masa zancen ƙarin ba.

"Baba, kai ne mai sito ko ita?" Guduma ya tambaya. "Mun san ta tun tana yawo da majina, yau ita ce za ta cire mana abinci a baki?"

"Abincin da kuke zubar da rabinsa?"

"Ke, ladan da ubanki ke ba mu ko sabulu ba ya saye. Fasasshen nan shi ne albashinmu. Tambaye shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Gaskiya ce, kuma ban sani ba sai a lokacin. Da ina da haƙuri da a nan na tsaya. Amma warin kwatar yana hancina, sai na zaro ƙwai ɗaya daga aljihu na ɗaga sama yadda kowa zai ga ramin.

"Buɗe hannunka na dama, Guduma. Nuna wa direba abin da ya sa aka kori 'yan'uwansa biyu."

Direban, wanda ke jingine da ƙofar mota, ya miƙe tsaye.

Guduma bai buɗe hannun ba. Kiret biyar da ke kafaɗarsa ya ɗaga ya maka mini a ƙirji. Na faɗi ta baya, kaina ya bugu da bakin teburi, ƙwai ya cika mini ido da baki. Kafin in share fuska ya damƙo wuyan rigata ya ɗaga ni sama kamar buhun da babu komai a ciki.

"Ni za ki kira ɓarawo? Ni?"

Na ji muryar Baba kusa. "Sake ta! Guduma, don Allah sake ta, 'yata ce!" Ya shiga tsakaninmu, tsoho mai ciwon gwiwa, yana jan hannun da ya fi cinyarsa kauri. Guduma ya sake ni, ya juya ya kai masa mari da tafin nan mai zobe.

Ƙarar da na ji irin ta ƙwan ce, sai dai ta fi ƙarfi. Baba ya durƙusa yana riƙe da idonsa na hagu, jini yana bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a farar rigarsa.

Daga nan wurin ya rikice. Direba ya zaro ƙarfen kwance taya ya yi kan Guduma yana zaginsa. Biyu daga cikin 'yan dakon suka tare shi, suka haɗa shi da jikin mota suna naushi a ciki da haƙarƙari. Ƙarfen ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙafata. Wani ya faɗa kan jerin kiret ɗin da ke bakin mota, jerin ya karkata, ya zubo gaba ɗaya. Ƙasa ta zama santsi, mutane suna faɗuwa suna tashi cikin gwaiduwa da jini. Masu shagunan da ke kusa sun taru suna salati, babu wanda ya matso.

Guduma bai ko kalli Baba ba. Ya haye bayan motar yana ture sauran jerin da ƙafa yana ihu. "Ga ƙwan! Ku kwashe ku kai gidan burodi! Kawo bokitin, 'yar boko!" Da ya gaji ya dafa bakin motar da hannun dama zai diro.

Ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen ba. Da hannu biyu na ɗaga, na sauke shi a kan yatsun nan. Ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya faɗo ƙasa yana birgima da hannun a tsakanin cinyoyi. Na sake ɗagawa. Ɗan dako na huɗu, wanda bai shiga faɗan ba, shi ya riƙe ƙarfen ta baya.

"Ya isa, ƙanwata. Ubanki na zubar da jini."

Asibiti ɗaya aka kai su, a mota ɗaya. Baba aka yi masa ɗinki shida a gira, likita ya ce idon ba zai ƙara gani ba. Guduma yatsu uku suka karye, na tsakiyan ya kumbura har sai da aka yanke zoben da almakashin ƙarfe. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauka ni 'yar'uwarsa ce, ta zuba mini guntayen a hannu.

Mai Gona ta same ni a barandar asibitin, rigata ta bushe ta yi tauri da ƙwai. Ta riga ta biya ta sito. Daga kiret ɗari uku, arba'in da ɗaya suka tsira.

"Na ce in an yi fasu ƙwaina ya daina zuwa," ta ce.

Na miƙa mata kan zoben da ƙwai ɗaya mai rami da na tsinto a bakin mota. Ta ɗora kan a ramin. Ya zauna daram. Ta daɗe tana kallo.

"Direban farko da na kora, 'ya'yansa biyar," ta ce a hankali. Ta sa zoben a jaka. "Mota za ta zo ranar Alhamis. Ke za ki tsaya a kanta. Amma ki biya masu sauke kaya ladan da mutum zai ci abinci da shi, in ba haka ba wani zai sayi zobe."

Ranar Alhamis mutum uku suka sauke kaya, a kan sabon lada. Babu waƙa, babu wanda ya kalle ni. A cikin mota guda ƙwai tara ne suka tsage. Bokitin ma bai yi amfani ba. Na ƙulle su a leda na kai gida, Inna ta soya, ta ajiye ɓawon a gwangwani.

Baba yana zaune a tsakar gida da bandeji a rabin fuska. Na ajiye masa farantin a gabansa, ya lalubi cokali ta gefen hagu bai samu ba, sai da na tura masa.

"Nawa suka fashe?" ya tambaya.

"Tara."

Ya tauna ya haɗiye. "Da kin bari na ja shi gefe."

"Kwana biyu na ba ka, Baba."

Ya ci gaba da ci, bai bar ko ɗan guntu a farantin ba.