Wuyana Ba Na Hukuma Ba Ne

Sabon shugaban hukumar ƙwallon zari-ruga ta ƙasa bai taɓa rungumar ƙwallo an maka shi da ƙasa ba. Ƙuri'a ce ta kawo shi, kuma tun da ya hau yake share duk wanda ya goyi bayan tsohon.

Ranar da ya shigo ɗakin canza kayanmu, turarensa ya danne warin takalma. Yana tafe da wani ƙato, ƙanen matarsa, wanda nan take muka raɗa wa suna Buhu.

"Wannan zai maye gurbin Katako," in ji shugaba.

Ni ne ɗan tsakiya a layin gaba. In aka sunkuya aka haɗa kai da abokan karawa za a yi turereniya, hannayena suna rataye a kafaɗun mutum biyu na gefena, ba ni da abin kare kaina. Wuyana amana ne a hannunsu. Katako, ɗaya daga cikinsu, ya daɗe yana riƙe da amanar nan. Laifinsa ɗaya, ya buɗe baki a taron zaɓe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya taɓa shiga turereniya?"

"Ba ka ga girmansa ba?"

"Na gani. Randa ma ƙatuwa ce."

Wasu suka ƙunshe dariya. Kociya ya ƙura wa silin ido, don tasa kujerar ma rawa take.

"Yaro, rigar jikinka ta hukuma ce," in ji shugaba. "Ka kiyaye."

Muka fita fili gwaji. Buhu ya kama rigata kamar mai ɗage labule, ƙafafu a haɗe, kai a ƙasa.

Na ce, "Ɗago kai, malam, ba allura ka yar ba."

Aka busa usur. Ya rufta, kowa ya biyo ta kaina. Fuskata cikin ciyawa, na ji wani ƙas a ƙeyata, yatsuna suka mutu.

Da jini ya dawo musu na miƙe. Shugaba na bakin fili yana cewa a sake, mai hoto bai ɗauka ba.

Na tuɓe rigar, na share lakar fuskata da ita, na jefa kan farin takalminsa.

"Ga taku. Wuyan kuwa uwata ta haifa."

"In ka wuce ƙofar can, kai da rigar ƙasa har abada."

Na wuce.

Yanzu facin taya nake a garejin baffana. In mota ta yi hon a bayana ina waigawa, a hankali, ta hagu, don wuyan ya daina juyawa dama.