Saiwa Mafi Tsawo a Filin Ilarie

A baro aka hau da Ilarie tudun, ƙafarsa ta dama miƙe a gaba cikin farin simintin asibiti, matarsa Saveta na tura shi tana haki. Da suka kai bakin shinge ya ɗaga hannu, ta tsaya. Filin ciyawarsa cike yake da mutane, kowa da dagi ko shebur a kafaɗa. Rabon da a ga taro irin wannan a ƙauyenmu tun kafin samari su watse zuwa Italiya neman aiki.

"Matar nan, me kika faɗa musu?" in ji Ilarie.

"Gayya na kira."

"Gayya kawai? Ga Gavril can. Mutumin da ko jana'iza ba ya zuwa sai ya ji da nama."

"Gyara zama kada ka faɗo."

Tun farkon bazara Ilarie ya faɗo daga rufin garke ya karye, daidai lokacin da ya saba bin filin yana tone shitebiya, wata muguwar ciyawa, tun tana ƙarama. Da ta ga ba mai taɓa ta, sai ta baje faffaɗan ganyenta ta danne ciyawar kirki, ta tura saiwa can ƙasa. Yanzu har ta fitar da kara, kanta ya fara ja. Mako mai zuwa mai inji zai zo ya yanke ciyawar, ya dunƙule ta, ya naɗe a leda ta tsumu don cimar shanu a lokacin sanyi. In 'ya'yan shitebiya suka shiga dunƙulen, shanu za su ci su kasayar, taki ya kai su kowace gona. Feshi kuwa babu halinsa, domin mai yin cuku da ke sayen madararsu ba ya karɓar ta shanun da suka ci ciyawar da aka yi wa feshi.

Gavril ya taho yana murza gashin baki, ƙato ne har yanzu duk da furfurarsa.

"Sannu da hutawa, maƙwabci. Ka dai yi wa maraƙata wanka ko?"

"Wace maraƙa?"

"Au, ba ta gaya maka ba? A ƙofar coci ta faɗa. Duk wanda ya tono saiwa mafi tsawo, Dumana tasa ce."

Ilarie ya juya a hankali ya dubi matarsa. Dumana ita ce maraƙar da aka haifa musu wata Lahadi, uwarta ta mutu wajen haihuwa, ya raine ta da kwalba a bayan murhu. Ko da ya karye, sai da ya sa aka matsar da gadonsa kusa da taga don ya riƙa ganinta.

"Ko mu rasa maraƙa ɗaya ko mu rasa shanun duka," Saveta ta ce, ba ta kalle shi ba. "Kuma ai ban mutu ba. Ni ma zan tona."

"Shi wannan ai mahauci zai kai wa."

"Sai an ƙara mata ƙiba tukuna," in ji Gavril.

Saveta ta hau kan kututture ta faɗi doka. Ba za a auna saiwar kowa ba sai ya cika buhu. Wadda ta katse ba ta cikin lissafi. Alƙali kuma mai fili ne, tunda shi kaɗai ne ba ya da aikin yi. Aka yi dariya, aka danƙa wa Ilarie igiyar awo, mutane suka jeru tun daga gindin tudu.

Ruwan da aka yi shekaranjiya ya tausasa ƙasa. Dagi na shiga, a danna, a ji saiwa ta yi ƙara tana sakin ƙasa, ta fito rawaya kamar karas ɗin da ya yi girman banza. Tsofaffin da kullum ke kukan ciwon baya suka manta da shi. Mata suka ɗauko waƙar yankan ciyawa, suka canja mata baiti suna tsokanar mazansu. Duk wanda ya samu doguwa sai ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita, a yi masa tafi ko a ce wannan ai gashin bakin Gavril ya fi ta.

Da farko Ilarie ya haɗe rai yana auna wa mutane kamar an tilasta shi. Kafin rana ta take har muryarsa ta dishe.

"Saveta, bar wannan, 'yar bana ce. Ga wata can kusa da dutse, mai kara uku. Zagaye ta, kada ki ja. Na ce kada ki ja!"

"In ka fi ni iyawa sauko."

"Alƙali na son kai," wani ya ce, aka sake kwashewa da dariya.

Da azahar aka zauna aka ci tuwon masara da cuku da albasa, kwalbar giyar gida ta zagaya. A lokacin Gavril ne kan gaba. Saiwarsa ta kai tsawon hannun Ilarie tun daga kafaɗa har yatsu, kuma Ilarie da kansa ya ƙulla alama a igiya.

Saveta ba ta zauna cin abinci ba. Ta samu wata tsohuwar shitebiya a inda ake tara taki a da, ta haƙa rami har ta durƙusa a ciki. Mutane suka bar akusansu suka kewaye ta. Maza biyu suka ɗaga baron da Ilarie a ciki suka kawo shi bakin ramin. Ta ajiye dagi ta koma tono da yatsu, saiwar na ƙara sirancewa amma ba ta ƙare ba. Har ta wuce ta Gavril, kowa ya gani. Saura kaɗan. Ta ja a hankali, sai aka ji ɗan ƙas.

Saveta ta dubi guntun da ke hannunta, ta dubi mijinta.

"A auna hakanan," wata ta ce.

Ilarie ya naɗe igiyar. "Ta katse," ya ce. "Doka ce."

Ko Gavril bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Saveta hannu ya fito da ita daga ramin.

Kafin la'asar filin ya koma kore shar, buhuna jibge a bakin shinge ana shirin ƙona su. Gavril ya riga ya kwance igiya daga ƙugunsa don ɗaure maraƙar lokacin da aka hango Lele Nastasia tana hawowa daga wajen rafi. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen ƙauye, kuma tun safe kowa ya ɗauka ganyen miya ta zo tsinka. Tana jan buhu da hannu ɗaya, ta kuma rataya wani abu a wuya kamar maciji.

A gaɓar rafi, inda ruwa ya zaftare ƙasa, ta ga saiwa a fili. Ta wuni zaune tana sassaƙe ƙasar da wuƙar girki.

Ilarie ya shimfiɗa igiya. Saiwar ta wuce ƙullin Gavril da taƙi guda, jelarta siririya kamar zare, ba ta katse ba. Wurin ya kaure da tafi. Gavril ya cire hula ya jefar a ƙasa, ya ɗauka ya kaɗe, ya ce a sake awo. Aka sake.

"Lele Nastasia," Ilarie ya ce, "me za ki yi da ita?"

"Me ake yi da maraƙa? A jira ta zama saniya." Ta share hannu a zanenta. "Sai dai ba ni da garke, kuma ba ni da ciyawa. Ku riƙe min ita. Zan riƙa leƙowa."

Haka kuwa aka yi. Mai inji ya zo, fararen dunƙule suka jeru a bayan garke. Aka fasa simintin ƙafar Ilarie, ya koma tafiya da ɗan ɗingishi. Lele Nastasia kuma ba ta taɓa fashin safiya ba, ko ana ruwa.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Ilarie ya farke dunƙulen farko. Ƙamshi mai ɗan tsami ya cika garken. Ya zuba wa Dumana, ya tsaya yana shafa wuyanta. Tsohuwar ta ɗebi ciyawar ta shinshina, ta baza ta a tafin hannu tana dubawa, sannan ta zagaya maraƙar ta latsa haƙarƙarinta.

"Ƙara mata," ta ce. "Ba na son rowa a kan dabbata."

Ilarie ya koma ya ɗebo.