Azumin Yahuza Mai Saran Rake

Duk faɗin fadamun Makarfi an san Yahuza da saran rake. Yakan shiga gona da sassafe da ɗan kokon da ya kurɓa, ba zai nemi abinci ba sai azahar ta gota. Shi ya sa ranar da aka kawo shi gida ranga-ranga, matarsa Mukarrama ta ɗauka maciji ne ya sare shi.

Ba maciji ba ne. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannuwansa na karkarwa, yana ta sambatu. Wasu suka ce iskar fadama ce. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta jiƙa mazarƙwaila ta ɗura masa, ba a jima ba ya dawo hayyacinsa.

Da abin ya maimaitu sau uku, Mukarrama ta matsa aka je asibiti. Bayan gwajin jini da hoton ciki, likitar, wata mai suna Raudatu, ta zaunar da su.

"Malam Yahuza, ciwon hanta ya daɗe yana cin ka ba ka sani ba," in ji ta. "Idan mutum ya ci abinci, jiki yakan ɗebi sukarin da yake bukata, sauran ya adana shi a hanta da tsoka. Wannan ajiyar muke kira gilaikojin. In ciki ya zama wayam, hanta ce ke sako ta cikin jini kaɗan-kaɗan, da ita ƙwaƙwalwa ke aiki. Taka hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, ba ta iya ajiyar kirki."

"To na ji, likita. Meye magani?"

"Akwai ƙwayoyi, amma babban abu shi ne ci. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Kada ka yarda ka daɗe ciki ba komai. Azumi kuwa bana ba naka ba ne."

Suka fito suka hau mashin zuwa gida.

Da watan azumi ya kama, yayansa Malam Muhammadu Auwalu, mai karantar da littattafai a Kudan, ya zo takanas. "Allah da ya wajabta shi ne ya yi rangwame ga marar lafiya," ya ce. "Ka ciyar kawai. Kada ka fi Ubangijinka tsanani a kan kanka."

"Na ji, Yaya Malam," in ji Yahuza, kansa a sunkuye.

Kullum Mukarrama takan dama masa fura a gora, ta haɗa da dabino ya tafi gona. Ran uku ga wata ta ga 'ya'yan maƙwabta na shan furar a bayan danga. Ta gane su yake ba wa, azumi yake yi a ɓoye. Da ya dawo leɓɓansa a bushe, ta ce, "Maigida, ka dai sha furar?"

"Na sha."

Ta dube shi, ya kawar da kai. Mutum ne da tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba, ga shi abokan sara duk bakinsu a rufe. Ta ji nauyin ta ƙaryata shi. Ta ce a ranta gobe za ta kira Yaya Malam a waya.

Gobe ba ta ba ta dama ba. Ana zafin rana mai ƙuna, wajen la'asar, abokin aikinsa Hamisu ya lura sara ya tsaya a ɓangaren Yahuza. Ya same shi kife a cikin raken, haƙoransa sun datse. Suka matsa ruwan rake suka shafa masa a dasashi, bai haɗiye ba. Kafin a samu abin hawa daga fadama zuwa titi, an ci fiye da awa guda. A asibiti aka sa masa ruwan sukari ta jijiya, amma bai buɗe ido ba. Washegari da hantsi ya cika.

Mata suka cika tsakar gida wajen gaisuwa. Kowacce ta durƙusa sai ta ce, "Ki yi haƙuri, ya yi kyakkyawan ƙarshe, da azumi a bakinsa." Mukarrama takan ce amin, domin tana yi masa fatan haka har zuciyarta. Amma ba ta gaya wa kowa ta ga furar ba, har Malam Muhammadu Auwalu. Da ta fita takaba ta kwashe 'ya'yanta uku ta koma gidan iyayenta a Janfalan, gonar raken mijinta kuma aka ba Hamisu ya ci gaba da nomawa.